Jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta: amsoshin tambayoyin iyaye da ɗalibai a Jidda da Makka

Na daɗe ina koyar da lissafi da Turanci bayan sallar La'asar a wani ɗan ɗaki a Jidda, kuma galibin yaran da ke zuwa wurina 'ya'yan Hausawa ne. Wasu a nan aka haife su, Larabci ya fi zama a bakinsu, Hausar sai in an koma gida wurin tsofaffi. Wasu kuma aiki ne ya kawo iyayensu daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram. Tun da jarrabawar shiga jami'a ta fara barin takarda da fensir, kusan tambayoyi iri ɗaya nake sha daga iyaye, a ƙofar masallaci ko ta waya da dare. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni dai ina cikin masu murna da wannan sauyi, amma na ga inda yake kayar da yaranmu, kuma zan faɗi duka biyun.

Malam, wace jarrabawa ce ma ake nufi? Muna jin SAT, muna jin Ƙudurat, muna jin JAMB, duk kanmu ya ɗaure.

Uku ne daban-daban, kuma kafin a kashe ko riyal ɗaya sai a san ƙofar da yaro zai ƙwanƙwasa.

Wanda yake son jami'a a nan Saudiyya, Ƙudurat da Tahsili ne a gabansa: ta farko gwajin basira ce a harshe da lissafi, ta biyu kuma ta darussan sakandare. Cibiyar Ƙiyas ce ke shirya su, a ƙarƙashin hukumar tantance ilimi da horo ta ƙasa. Yara a nan "Gudrat" suke cewa, irin lafazin mutanen gari. Wanda zai koma Najeriya karatu, JAMB ce hanyarsa. SAT kuwa ta Amurka ce, ƙungiyar College Board ke da ita tun 1926, kuma ana neman ta ne idan an nufi jami'o'in Amurka, ko wasu jami'o'i a Turkiyya da ƙasashen Larabawa da ke karɓar makinta daga ɗaliban waje.

Na ga uban da ya biya wa 'yarsa kuɗin SAT har sau biyu saboda ya ji maƙwabcinsa ya yi wa ɗansa, alhali ita burinta Jami'ar Ummul Ƙura ce, ga ta nan kusa da gida a Makka. Raina ya ɓaci ƙwarai da na ji, don watannin da ta ɓata can da Tahsili ta ba su da sun yi mata rana. Abin da ya haɗa ukun shi ne yanzu kowacce yaro zai iya samun kansa a gaban kwamfuta, agogo yana tafiya.

Yaushe SAT ta koma kwamfuta, kuma me ya canja a cikinta?

College Board ta sanar da shirin a Janairun 2022. Mu da ke wajen Amurka aka fara da mu a watan Maris na 2023, sai Amurka kanta ta biyo baya a Maris na 2024. Ke nan yaran Jidda da Riyad sun riga na New York zama wannan jarrabawa da shekara guda cur.

Tsohuwar ta takarda awa 3 ce, tambayoyi 154. Ta yanzu awa 2 da minti 14, tambayoyi 98. Sashen karatu da rubutu yana da tambayoyi 54 cikin minti 64, sashen lissafi 44 cikin minti 70, da hutun minti 10 a tsakani. Kowane sashe an raba shi zango biyu daidai wa daida. Idan ka yi lissafi za ka ga a da kowace tambaya tana samun kamar daƙiƙa 70, yanzu ta haura 80. Makin bai canja ba, daga 400 ne zuwa 1600, kowane sashe daga 200 zuwa 800. Ana yin ta a cikin wata manhaja mai suna Bluebook.

Wannan kusan minti 45 da aka rage ba ƙaramin abu ba ne. Zaman Maris na 2025 cikin azumi ya faɗo. Wata ɗalibata ta ce min ta yi sahur, ta yi Asuba, ta ɗan runtsa, ta shiga jarrabawa da safe, kafin Azahar ta dawo gida ta kwanta. Yayanta da ya yi ta takarda shekarun baya ya sha ba ni labarin yadda yake kaiwa sashen ƙarshe idanunsa na yaji, lambobi na rawa a gabansa. Gajiya tana cin maki fiye da yadda iyaye suke zato.

An ce kwamfutar tana sauya wa yaro tambayoyi gwargwadon ƙoƙarinsa. Ina adalci a nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar wa iyaye hankali, don haka bari in tsaya a kanta.

A kowane sashe, zangon farko gauraye yake: akwai masu sauƙi, matsakaita da masu wuya. Yadda yaro ya yi a nan shi zai sa a ba shi zango na biyu mai tsauri ko mai sauƙi-sauƙi. Ba bayan kowace tambaya ake sauyawa ba, sau ɗaya ne tak a tsakiyar sashe. Kuma a cikin zango yaro yana da damar tsallake tambaya, ya sa mata alama, ya dawo kanta daga baya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne komawa zangon da lokacinsa ya riga ya ƙare.

Maganar adalci kuwa, ai ba adadin amsoshin da aka ci kaɗai ake dubawa ba, ana la'akari da nauyin tambayoyin. Kamar malamin allo ne da zai gwada almajiri: in ya ji ya kawo Sabbi ba gargada, ba zai tsaya ɓata lokaci a ƙananan surori ba, sai ya ja shi sama. In ya ji yana tuntuɓe, sai ya tsaya nan ƙasa ya gane iyakar inda ya tsaya. Da tambayoyi kaɗan ya san matsayin kowa. Dabarar da ta ba da damar gajarta jarrabawar ke nan ba tare da ma'aunin ya lalace ba.

Amma akwai abin da ya wajaba kowane ɗalibi ya sani. Wanda aka tura zango mai sauƙi, makinsa yana da iyakar da ba zai wuce ba ko da ya cinye duka. Saboda haka sakaci a zangon farko yana da tsada. Ina yawan ce wa yarana, idan kuka ga zango na biyu ya yi zafi, ku gode wa Allah, alama ce kun yi abin kirki a na farko. Na taɓa samun yaron da ya fito yana hawaye wai lissafin ƙarshe ya gagare shi, da sakamako ya fito shi ne ya fi kowa a ajin.

Ɗana kullum yana kan waya, babu abin da bai sani ba a cikinta. Ai ba zai sha wahala ba ko?

Alhaji, a nan ne nake roƙon a saurare ni da kyau, don wannan zaton ya fi komai cutar da yaranmu.

Iya waya daban, iya zama gaban kwamfuta awa biyu ana karatu da tunani daban. Yaron da ya saba shafa fuskar waya da babban yatsa yana wuce bidiyo bayan bidiyo, idonsa ya koyi gudu, bai koyi tsayawa ba. Na zaunar da wani yaro ɗan aji uku na sakandare, haziƙi ne ƙwarai, a gaban kwamfutata don gwaji na farko. Sai na ga ya kama linzamin da hannu biyu. Da ya so komawa tambayar baya, ya miƙa yatsa yana shafa gilashin, gilashin da ba ya jin taɓi. Ya ɗago ya dube ni cikin kunya. A gidansu wayoyi sun kai shida, kwamfuta ko ɗaya babu. Ranar ya bar tambayoyi tara bai taɓa ba, kuma duk ya san amsarsu, don da na karanta masa da baki nan take ya ba ni.

Mako uku muka yi yana zuwa yana yin gwaji a kan na'urar, sai ga shi yana gamawa da sauran lokaci a hannu. Ilimin bai ƙaru cikin mako uku ba, hannu da ido ne suka saba. Duk alherin da ke cikin sabon tsarin nan, wanda ya saba da na'urar ne yake kwasarsa. Wanda bai saba ba, sauƙin da aka kawo sai ya zame masa wani sabon nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin farin ciki, gwajin kyauta ne. A cikin Bluebook akwai cikakkun jarrabawowin gwaji masu tafiya da agogo da sauya zango, tamkar ranar gaske. Khan Academy, wata makarantar intanet, ita ma tana da darussan SAT da ta shirya tare da College Board, ba a biyan ko sisi. A sa yaro ya zauna da safe, a rufe ƙofa, a karɓe wayar, ya yi gwajin daga farko har ƙarshe ba tashi. Ko sau huɗu aka yi haka kafin ranar, za a ga bambanci.

Yaranmu Turanci shi ne harshensu na uku, bayan Hausa da Larabci. Sabon tsarin ya taimake su ko ya ƙara musu wuya?

A ganina ya taimake su sosai, kuma wannan ce ribar da na fi jin daɗinta. A tsohuwar jarrabawa ana ba yaro dogon nassi, kalmomi 500 zuwa 750, da tambayoyi 10 ko 11 rataye da shi. In aka yi rashin sa'a nassin ya zo da tsohon Turanci na ƙarni biyu da suka wuce, ko wata muhawara ta tarihin Amurka da yaro bai taɓa jin labarinta ba, to tambayoyi goma sun tafi a lokaci guda. Yanzu kowane nassi gajere ne, kalmomi 25 zuwa 150, tambaya ɗaya tak a kansa. In wannan ya gagara, asarar tambaya ɗaya ce, na gaba sabon shafi ne.

Kada dai a ɗauka gajarta tana nufin sauƙi. Nassin gajere ne amma a cike yake, wani lokacin kalma ɗaya ce ke juya ma'anar baki ɗaya. Akwai kuma wata matsala ta 'ya'yan makarantun Larabci: idonsu ya saba farawa daga dama. A kan jadawali ko zanen ƙididdiga na sha ganin yaro ya karanta ginshiƙi a juye, ya ba da amsar da ta dace da kishiyar tambayar. Yawan karatu a fuskar kwamfuta ne ke gyara wannan.

Da gaske ne an yarda da kalkuleta a duk lissafin?

A SAT, e. Da can akwai ɓangare na minti 25 da aka hana ta, yanzu an cire shi. Akwai kalkuletar Desmos a cikin manhajar kanta, mai zana layin lissafi a gabanka, ga kuma shafin ƙa'idojin lissafi da ake buɗewa in an manta. Wannan ya daidaita tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka, don da sai mai kuɗi ke sayen babbar kalkuleta mai zane. Desmos kyauta take a intanet, a koye ta tun da wuri. Yaron da ya iya ta yakan warware cikin daƙiƙa ashirin abin da zai ci masa minti biyu a takarda.

Amma a Ƙudurat ba a shiga da kalkuleta. Yaron da zai yi duka biyun kada ya bar kansa ya yi sanyi da lissafin ka.

A gida ake yin SAT ɗin?

A'a. A cibiyar jarrabawa ake yi, da masu sa ido. Galibin cibiyoyin SAT a nan makarantun ƙasa da ƙasa ne a Jidda da Riyad da yankin gabas, kuma kujeru suna cika da wuri, don haka mutanen Makka da Madina su yi rajista tun da sauran lokaci. Ranar Asabar ake yi, wadda tun 2013 ta zama ranar hutu a nan.

Ba mu da kwamfuta a gida. Shi ke nan ɗanmu ya rasa?

Bai rasa ba, Hajiya. Ana iya shiga da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows ko Mac, ko iPad, ko Chromebook ta makaranta. Waya ce dai ba a yarda da ita ba. Ta aro ma ta yi, ta kawu ko ta maƙwabci, in dai an saka manhajar an gwada ta. Wanda bai samu ko ta aron ba, College Board tana ba da aron na'ura, sai dai a nema lokacin rajista, aƙalla kwana 30 kafin ranar jarrabawa.

Shawarata, in akwai hali, yaro ya yi gwaji a kan na'urar da zai shiga da ita. A unguwarmu gidaje huɗu sun haɗa kuɗi sun sayi kwamfuta ɗaya ta hannu, yaran suna karɓa-karɓa, kowa da ranarsa. Irin adashin da iyayenmu mata suka iya ne, aka juya shi zuwa karatu. A Ƙudurat da JAMB kuwa ba ka zuwa da komai, kwamfutocin cibiyar ake amfani da su.

In intanet ya yanke ko batir ya mutu ana tsakiyar jarrabawa fa?

An gina Bluebook yadda ba ta dogara da intanet a kowane lokaci ba. Ana buƙatarsa a farko da kuma lokacin miƙa amsoshi, a tsakani in ya yanke aikin yana ajiye a cikin na'urar. In kwamfuta ta mutu aka kunna, yaro zai ci gaba daga inda ya tsaya. Duk da haka a cika batir tun dare yadda zai riƙe awa uku, a tafi da caja, don ba kowace kujera ce ke kusa da soket ba.

Ba zan ce na'ura ba ta kuskure ba. A 2025 wata tangarɗa ta shafi sakamakon JAMB na ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawa. Abin da nake koya wa yarana daga wannan: in wani abu ya faru a ɗakin jarrabawa, ka ɗaga hannu nan take ka gaya wa mai sa ido, a rubuta. Yaranmu suna da kunya da kawaici, tarbiyya ce mai kyau, amma na san yarinyar da fuskar kwamfutarta ta daskare ta zauna shiru tana jira don kada ta dami mutane. Ƙorafin da aka kai bayan an fito da wuya ya yi amfani.

Ƙudurat tana da ta takarda da ta kwamfuta. Wacce za mu zaɓa?

Yara suna kiransu "waraƙi" da "muhausab". Ta takarda a lokuta ƙayyadaddu a shekara aka saba yin ta, sai a duba shafin Ƙiyas a ga ko har yanzu ana yi. Ta kwamfuta kuwa kai ne za ka shiga shafin Ƙiyas ka zaɓi cibiya da rana da sa'a daga guraben da ke akwai, kuma sakamakonta ya fi saurin fitowa. Wannan 'yancin zaɓen rana babbar ni'ima ce ga gidajenmu. Yaro da yawa a Makka suna taya iyayensu hidimar alhazai da masu Umara, daga Ramadan har bayan Hajji ba su da lokacin kansu. Yanzu sai ya duba watan da gida ya lafa ya ɗauki ranarsa.

Abin da ake tambaya iri ɗaya ne: ɓangaren harshe, inda ake gwada dangantakar kalmomi, cike gurbin jimla, gano kalmar da ba ta dace da mahallinta ba, da fahimtar nassi, sai ɓangaren lissafi. Makin a kan 100 yake, an ƙayyade yawan shiga, kuma mafi girman makin da yaro ya samu shi ake ɗauka. Akwai ta Larabci, akwai ta Turanci don 'yan makarantun ƙasa da ƙasa. Tahsili kuma ta darussan sakandare ce, ga 'yan kimiyya lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. A 2020, lokacin korona, daga gida aka yi ta ta intanet.

Jami'o'i suna haɗa waɗannan da sakamakon sakandare su fitar da abin da ake kira "nisba mauzuna". Rabon da aka fi ji a fannin kimiyya shi ne 30 na sakandare, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili, amma kowace jami'a da nata. Ga 'ya'yanmu masu igama, wato katin izinin zama, waɗanda ba 'yan ƙasa ba, hanyar jami'ar gwamnati ita ce gurbin tallafin karatu na mazauna, kuma guraben kaɗan ne, masu nema da yawa. Maki biyu ko uku yana raba wanda ya shiga da wanda ya tsaya a waje. Ni nakan ba da shawarar a gwada duka biyun in dama ta samu, don akwai yaron da hankalinsa ya fi kwanciya da fensir a hannu, babu laifi a cikin haka.

Wanda zai koma Najeriya fa?

JAMB ta fara gwada kwamfuta a 2013, daga 2015 ta koma kanta gaba ɗaya. Darussa huɗu ne, tambayoyi 180 cikin awa 2, maki 400, Turanci dole. An sauƙaƙa ta yadda ko wanda bai iya linzami ba zai danna A, B, C ko D a madannai, N ta kai shi gaba, P ta mayar da shi baya. Jidda tana cikin biranen waje da hukumar ta sha buɗe cibiya, sai a bibiyi sanarwar kowace shekara ta ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya. Rajistar tana buƙatar lambar NIN, kuma yaran da aka haifa a nan da yawa ba su da ita. A fara neman ta tun yaro yana aji biyu na sakandare.

Kwamfuta ba za ta sauƙaƙa satar amsa ba?

Ta ƙara wahalar da ita ne. Lokacin takarda, kwali ɗaya in ya ɓalle a hanya sai a soke jarrabawar dubban yara da ba su ji ba ba su gani ba. A watan Mayun 2013 an soke zaman SAT na Koriya ta Kudu baki ɗaya saboda fitar tambayoyi. Yanzu kowane ɗalibi da irin nasa jerin, na kusa da kai ba abin da kake gani yake gani ba, kuma manhajar tana kulle na'urar har a gama. Duk wanda ya turo muku saƙo a WhatsApp ko Telegram wai yana da tambayoyin gobe ku biya, ɗan damfara ne, kuma in aka kama yaro da hannu a irin wannan makinsa ne zai tafi. Riba ce ga yaro mai gaskiya, wanda da yake zaune yana kallon wasu suna wuce shi da kuɗin iyayensu.

Nawa ne kuɗin SAT, kuma yaushe ake ganin sakamako?

A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 rajista dala 68 ce, da ƙarin dala 43 ga na wajen Amurka, jimla 111, wato kamar riyal 416. A duba farashin shekarar da ake ciki kafin a biya. Ana zama sau da dama a shekara, sakamako yakan fito cikin kamar mako biyu. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada a bar tambaya ko ɗaya babu amsa.

'Yata tana da raunin gani. Akwai abin da aka tanadar mata?

Akwai, kuma a nan kwamfuta ta yi abin da takarda ba ta iya ba. Ana ƙara girman rubutu, akwai tsarin da na'ura ke karanta wa ɗalibi tambaya, ana ba da ƙarin lokaci ko ƙarin hutu ga wanda aka amince masa. Sai dai amincewar tana bukatar takardun likita kuma takan ɗauki har mako bakwai, don haka a fara da wuri ta hannun makarantarta. Ina roƙon iyaye kada su ɓoye larurar yaro don gudun bakin mutane. Haƙƙinta ne, ba alfarma ba ce.

Mun ji an ce jami'o'in Amurka sun daina neman SAT. To wahalar me za mu sha?

Lokacin korona da yawa sun mayar da ita ganin dama, kuma har yanzu akwai masu yawa a kan haka. Jami'o'in gwamnatin Kalifoniya na rukunin UC ma ba sa duba ta sam. Amma jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, sai Dartmouth da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Ga yaron da ya fito daga makarantar da jami'in tantancewa a Amurka bai taɓa jin sunanta ba, maki mai kyau shaida ce da kowa ke ganewa, musamman in ana neman tallafin karatu. A buɗe shafin kowace jami'a da ake so a karanta sharaɗinta na wannan shekarar.

Me za mu shirya a makon jarrabawa?

Fara da suna. Yaranmu suna da rubutun suna iri-iri: fasfo ya ce Muhammad, takardar makaranta ta ce Mohammed, igama kuma da Larabci, wani an ƙara masa Hausawi a ƙarshe, wani babu. Sunan da aka yi rajista da shi dole ya zo daidai da na katin shaidar da za a nuna a ƙofa, harafi da harafi, kuma katin ya kasance bai ƙare ba. Fasfo ya fi kwanciyar hankali. Na raka wani yaro har bakin cibiya, muka tarar an tsayar da wani a gabanmu saboda sunansa bai daidaita ba, mahaifinsa na tsaye riƙe da jakar kwamfutar yana roƙo cikin Larabci da Hausa, mai gadin ba abin da zai iya yi. Tun ranar nake sa kowane ɗalibina ya kawo fasfonsa mu buɗe shi kusa da shafin rajista mu karanta tare.

Cikin kwana biyar na ƙarshe ake shiga Bluebook a kammala shirin jarrabawa, a nan ne takardar shiga take fitowa, a buga ta ko a adana. A tabbata yaro ya haddace kalmar sirrinsa, don wayar da ya ajiye ta a ciki za a karɓe. A jaka a sa kwamfuta da caja, biro ko fensir saboda takardar lissafi da za a ba shi a can, ruwa da ɗan dabino na lokacin hutu, da riga mai ɗan kauri, don na'urar sanyaya ɗaki a makarantun nan takan sa yatsu su ƙage. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 7:45 na safe, a rufe da ƙarfe 8. Mutanen Makka da za su zo Jidda, in akwai ɗan'uwa a unguwar Kandara ko Sabil gara a kwana a can, in kuwa babu, a kama hanya da an sallame Asuba.